Mahaucin Jirgin Walde

Hayatu mahauci ne, ɗan mahauci, kuma a layin mahauta na babbar kasuwar Garwa rumfarsa ce ta huɗu idan ka shigo ta wajen masu albasa. An san shi da iya yanka tsoka da rashin son dogon ciniki. Kaɗan ne suka san cewa duk garin shi kaɗai ya mallaki littattafan Garken Sama cikakku, guda ashirin da biyu. Littattafai ne masu zane, irin da ake ce wa bede, da Faransanci aka rubuta su, kuma sunansu na asali dogo ne, shi ya sa masu Hausa suka gajarta shi. Hayatu bai wuce aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, ba. Rabin Faransancin da ya iya a cikin littattafan nan ya tsince shi, yana bin zane da yatsa har kalmar ta ba da kai. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tara su. Wasu a wajen masu gwanjon littattafai ya samo, na sha bakwai kuwa wani direban motar shanu ne ya kawo masa daga Duwala, yana warin man gas.

Labarin da ke ciki na wani zamani ne can gaba, bayan duniya ta bushe. Mutum dubu huɗu suka shiga wani ƙaton jirgi mai suna Walde, wato makwancin shanu da Fulatanci, suka nufi wata duniyar da sai an yi shekara sittin ana tafiya kafin a kai. Sun tafi da shanu ɗari tara, jajaye da farare, masu tozo da dogon ƙaho. A cikin jirgin akwai mahauci guda, Sali, shi ke zaɓar wadda za a yanka kowane mako, kuma ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta. A littafi na sha huɗu na'urar tace iska ta lalace, kyaftin ya ba da umarni a buɗe babbar ƙofa a zubar da garken duka don iskar ta ishi mutane. Sali ya kulle kansa a cikin shanun ya ƙi. Kwana tara yana yanka tsofaffin da hannunsa, yana busar da naman yana miƙa wa jama'a ta wata 'yar taga, har saura karsana arba'in da bijimai biyu. Da aka auna aka ga iskar ta gaza da numfashin rai ɗaya, sai ya fita sararin sama da ƙafarsa don a samu cikon.

Masu son littattafan suna da ƙungiya. Duk Lahadi bayan la'asar suke haɗuwa a barandar bayan wani shagon fotokofi a unguwar Pumpumre, su kusan goma sha biyar, yawanci ɗalibai da ma'aikata. Shugabansu Thierry ne, malamin kimiyya a lise, wato babbar sakandare, mutum mai fara'a da son magana, wanda ya iya zana taswirar cikin jirgin Walde a kan allo ba tare da ya duba littafi ba. Hayatu ya ajiye littattafansa a cikin kabad ɗin barandar domin kowa ya karanta. Da Faransanci ake taron, don haka ba ya yawan sa baki. Gefe yake zama kusa da Pascaline, 'yar kasuwa mai sayar da albasa, Kirista daga duwatsun wajen Mora, wadda ke zuwa da kayan cocinta a jikinta. Su biyun Hausa suke yi ƙasa-ƙasa, har Thierry ya kan ce musu cikin raha majalisar kasuwa ta yi shiru.

Da labari ya zo cewa wani kamfani ya mai da Garken Sama fim, wata shida ƙungiyar ba ta da zance sai wannan. Ranar da aka kawo shi Garwa, wata Asabar da rana aka nuna shi a wani zaure, ana zafin da fanka ba ta yi masa komai. Hayatu ya bar wa ƙaninsa rumfa, ya sa farar riga.

Jirgin ya yi kyau, wannan ko shi bai musa ba. Da Walde ya tashi daga busasshen kogi, ƙasa na tsagewa a ƙarƙashinsa, sai da ya gyara zama. Daga nan aka nuno shanun. Baƙi da fari ne, gajerun ƙafa, ba tozo, ba ƙaho, irin na jikin gwangwanin madara. Pascaline ta yi tsaki. Hayatu ya ce mata a yi haƙuri a ga Sali. Da Sali ya fito, wani ƙato ne mai jajayen idanu, riga duk jini, yana lasar wuƙa yana magana da kansa. A fim ɗin shi ne ya lalata na'urar iskar da gangan. Ya kama 'yar kyaftin ya ɗora mata wuƙa a wuya, wani saurayi matuƙi, wanda babu shi ko a shafi ɗaya na littattafan, ya harbe shi ya faɗa sararin sama. Zauren ya ɗauki tafi. Hayatu ya zauna hannuwansa a kan gwiwa har aka kunna fitilu.

Washegari a baranda kowa yana magana a lokaci guda. Wata ɗaliba mai suna Honorine ta ce ba ta taɓa ganin abin ƙasarmu ya yi kyau haka a allo ba. Thierry ya yi bayani mai tsawo cewa fim da littafi ba abu ɗaya ba ne, littafi ashirin da biyu ba sa shiga cikin awa biyu, kuma fim yana bukatar mugu mai fuska, domin lalatacciyar na'ura ba ta tsorata kowa. Game da shanun kuwa, a ƙasar waje aka ɗauki fim ɗin, da shanun da suka samu suka yi aiki. Sannan ya fito da babban labari: kamfanin ya nemi ƙungiyoyin masoya su aiko da ɗan bidiyo na yabo, waɗanda nasu ya fi kyau za a gayyaci shugabansu bikin da za a yi a Yawunde. Za su tsaya gaban littattafan nan ashirin da biyu a jere, abin da ko ƙungiyar Duwala ba ta da shi.

Hayatu ya ɗaga hannu. Ya fara da Faransanci, kalmomin suka riƙa sarƙe masa, sai ya koma Hausa, ya bar wa Pascaline ta fassara wa waɗanda ba sa ji.

"Mesiye Thierry, ban ƙi a rage ba. Ni ma in saniya ta fi teburina girma, ragewa nake yi. Amma wannan ba ragi ba ne. Mutumin da ya ba da ransa, an ce shi ne ya nemi ran mutane. A cikin dubu huɗun nan akwai kyaftin, akwai likita, akwai injiniya. Me ya sa da aka tashi neman mugu sai aka zo kan mahauci?"

Wani ya yi 'yar dariya ya ce abin ya taɓa sana'a. Thierry ya tsawatar masa, sannan ya juyo da murya mai laushi ya ce ya fahimci Hayatu, amma akwai abin da ya kamata ya sani. Eugène, wanda ya zana littattafan da hannunsa, ya yi hira a rediyo ya ce ya ga fim ɗin, ya yarda da shi, ya sa masa albarka. In mai abu ya yarda, su wane ne su da za su ƙi? Hayatu ya ce bai yarda Eugène ya faɗi haka ba, sai dai in an yanka maganarsa an haɗa. Thierry ya ce to, an sa ɗaukar bidiyo Lahadi ta sama.

Kafin tsakiyar mako fim ɗin ya shiga wayoyi. 'Yan moto masu haya da babur suna kallonsa a inuwa, masu ɗinki suna kallonsa a shago. Ran Laraba wani saurayi ya zo sayen rabin kilo, ya ga Hayatu na wasa wuƙa, sai ya ja da baya yana dariya ya ce, "Sali, a yi mini rai." Kafin Juma'a sunan ya bi layin mahauta gaba ɗaya. Samarin mahautan ma daɗi suke ji, suna zare ido suna lasar bayan wuƙa don 'yan mata su yi ihu. Wata mata da ta shekara tana sayen nama a wajensa ta zo da 'yarta, yarinyar ta ɓuya a bayan zanen uwar ta ƙi fitowa. Hayatu ya auna naman, ya ƙulla a leda ya miƙa mata. Da ya koma gida matarsa Karimatu ta lura bai taɓa tuwon ba.

Pascaline ce ta samo inda Eugène yake. Ta ce mutumin yankinsu ne, yanzu yana zaune a unguwar Dugoi, a Marwa, wajen 'yarsa, kuma wata 'yar cocinsu ta san gidan. Ita ran Litinin za ta je Marwa sarin albasa, in yana so su haɗu a can. Hayatu bai taɓa barin kasuwa ya yi tafiya ba sai don jana'iza ko sayen shanu. Ya ɗauko littafi na sha huɗu daga kabad, ya naɗe shi a cikin sabuwar leda, ya shiga motar safe. Tun daga Garwa har suka wuce Figil yana shirya abin da zai faɗa. Zai gaya wa tsohon yadda aka cuce shi, ya ce masa akwai mutane a Garwa da ba su yarda ba, in ya so a ƙarshe ya roƙe shi ya sa masa hannu a littafin.

A Marwa ya haɗu da Pascaline, ta kai shi. Gidan ƙarami ne, da bishiyar dogon yaro a tsakar gida. 'Yar tsohon, Larissa, ta shimfiɗa musu tabarma ta kawo ruwa. Eugène yana kan kujerar katako, siriri, da baƙin tabarau, yana juyo da kunnensa wajen mai magana maimakon fuskarsa. Larissa ta ce idanun sun kusa tafiya gaba ɗaya, haske da duhu kawai yake rarrabewa. Hausarsa ta kasuwar Mora ce, mai sauri. Da ya ji Pascaline ta faɗi sunan ƙauyensu sai ya tambaye ta mutane ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ta ce sun rasu ko sun watse. Da ya ji Hayatu yana da ashirin da biyun duka, ya yi dariya ya ce shi kansa goma sha tara gare shi.

Hayatu ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe.

"Ɗana, ba wanda ya yanka maganata. Sun aiko da takardun tun kafin su fara, Larissa ta karanta mini su shafi-shafi. Na san abin da za su yi wa Sali. Na ce su yi."

Hayatu ya ji kamar an zare masa tabarmar. Ya tambaye shi dalili. Eugène ya ce dalili biyu ne. Na farko, shekara talatin yana zana jirgin nan a takarda, yana so ya ga ya tashi kafin idonsa ya rufe. Ya kuwa gani. Larissa ta zaunar da shi dab da allo, ya ga wani babban haske yana hawa sama, ya yi kuka, kuma ba zai ba kowa haƙuri a kan wannan ba. Sai na biyun. Ya ce Sali mutum ne na gaske, wani mahauci a Mora da ke ba shi takardun naɗe nama yana yaro, a kansu ya koyi zane. Wannan Sali ya mutu tuntuni. Amma shekarun baya, da mutanen daji masu kashe-kashe suka shiga ƙauyensu, ƙaninsa François bai samu gudu ba, kuma ba da bindiga suka kashe shi ba. Tun daga ranar, in ya rufe ido ya kira hoton mutum riƙe da wuƙa, ba mai ba shi takarda yake gani ba. Da 'yan fim suka kawo nasu Salin, sai ya ga ai wannan ne yake gani a kansa, don haka bai ga ƙarya a ciki ba.

Duk abin da Hayatu ya shirya a mota na mutumin da aka cuta ne, ba na wannan ba. Ya yi wa tsohon ta'aziyya. Pascaline ce ta gyara zama.

Ta ce ita ma a wannan shekarar ta gudo, da goyo, ta bar miji a can cikin waɗanda aka kashe, kuma Baba Eugène ya san yadda aka bar su. Da ta iso Garwa sai da ta shekara ba ta iya bi ta layin mahauta ba. Zagaye take yi ta bayan masu hatsi, da buhun albasa a ka, don kada ta ji ƙarar wasa wuƙa. Wani ɗan 'yar uwarta ne ya bar littafi na sha huɗu a ɗakin da take kwana, ta karanta don ba ta da abin yi.

"Baba, littafinka ne ya sa na koma bi ta layin. Na ce in akwai mai wuƙa irin wannan ko a takarda ne, to bari in je in duba fuskokinsu. Yanzu kuma kai da kanka ka ce wa yaran Garwa su ji tsoron da na sha wuya kafin na ajiye."

Eugène ya cire tabaran ya goge ya mayar. Ya ce ya ji, kuma bai raina abin da ta faɗa ba, amma Sali nasa ne. Da alƙalaminsa ya yi shi, yana da ikon ya kashe shi yadda ya ga dama. In ba su ji daɗi ba, su je su zana nasu.

Hayatu ya ɗago kai. Bai ɗaga murya ba, don gidan mutane ne kuma tsoho ne.

"Baba, ba sai mun zana ba, ka riga ka zana. Kana da iko a kan alƙalaminka, amma abin da ka riga ka ba mu ya fita hannunka. Ni na san Sali shekara goma sha ɗaya. Bai taɓa ɗora wa yarinya wuƙa ba. Ko kai ka ce ya yi, zan ce bai yi ba."

Larissa ta dubi mahaifinta a tsorace, ta san halinsa. Tsohon ya ce lallai mahautan Garwa ba su da kunya. Sannan ya ce ya ji ƙarar leda tun ɗazu, wanne ne ya kawo? Da aka ce na sha huɗu, sai ya ce a miƙo ya sa hannu, ya san abin da ake zuwa nema ke nan. Hayatu ya ce a'a, ya gode, littafin ya ishe shi yadda yake. Eugène ya ce to tunda ba a son hannunsa, a karanta masa shafin ƙarshe, ya kwana biyu bai ji ba.

Hayatu ya buɗe. Ya san in ya karanta da Faransanci zai yi ta tuntuɓe, sai ya riƙa duba zanen yana faɗa da Hausa. Ya faɗi yadda Sali ya wanke wuƙarsa ya rataye, ya bi karsanun nan arba'in yana kiran kowacce da suna, ya gaya wa likitan jirgin ta taga wadda ke da ciki da wadda ba ta son a taɓa mata kunne. Tsohon yana ji, leɓensa na motsi. Da aka gama ya ce an yi karatu, amma shi bai canja magana ba, fim ɗin ma nasa ne. Hayatu ya ce shi ma bai canja ba. A haka suka yi sallama, Larissa ta raka su bakin ƙofa tana ba su haƙuri, Pascaline ta ce ba abin haƙuri, sun zo sun ji.

Ran Lahadi Hayatu ya iso baranda da wuri, da ɗan moto da kwali biyu. Ya tarar an riga an jera littattafan a kan tebur, an sa farin ƙyalle, Honorine tana gwada waya a kan sanda. Thierry ya tambaye shi labarin Marwa. Hayatu bai ɓoye ba, ya ce gaskiyar Mesiye ce, tsohon ya yarda da fim ɗin da bakinsa. Thierry ya yi murmushi ya ce to shi ke nan, magana ta ƙare, ya zo ya tsaya a tsakiya tunda shi ne mai littattafan.

Hayatu ya fara kwashe su yana sa wa a kwali. Ya ce ba zai hana kowa yabon fim ba, bakinsu ne, amma ba za a yabe shi a gaban waɗannan ba. Aka taso masa. Wani ya ce son kai ne, wani ya ce ƙuri'a aka kaɗa, goma sha uku da biyu. Thierry ya ce masa, cikin ɓacin rai na gaske, wannan ne karo na farko da za a ambaci Garwa a irin wannan wuri, kuma shi zai ɓata saboda shanu da mahauci na takarda. Hayatu ya ce ƙuri'a ta ƙungiya ce, littattafai nasa ne, duk mai son karatu ya san rumfa ta huɗu, ba zai hana kowa ba. Ya ɗaure kwalayen a bayan moto. Pascaline ta ɗauki jakarta ta bi shi.

Sun yi bidiyonsu duk da haka, a gaban hoton fim ɗin da suka buga a shagon. Bai zo na ɗaya ba, amma an gayyaci Thierry, ya je Yawunde ya dawo da hotuna da riga mai zanen jirgi.

Shi kuwa Hayatu, ya sa kafinta ya yi masa akwati mai kwaɗo a ƙarƙashin tebur. Bayan azahar, lokacin da nama ya ƙare aka wanke tebura, sai ya fito da littafi na ɗaya ya zauna a kan benci ya fara karantawa da Hausa, yana ɗaga zanen sama a gani. Ranar farko mutum uku ne, Pascaline da ƙaninsa da wani mai sayar da gawayi da ya zo fakewa rana. Samarin layin suna wucewa suna cewa Sali ya zama malam. A mako na biyu suka fara tsayawa daga nesa, wai suna jiran su ga inda zai fara lasar wuƙa. Da aka kai littafi na huɗu ba su gani ba, sai gardama ta tashi a tsakaninsu, wasu suka ce Hayatu ne ke ɓoyewa. Ya miƙa musu littafin ya ce su duba da kansu, zane ai ba ya bukatar lakwal.

Sarkin fawa, tsoho mai ƙarancin magana, ya aiko a tambaya taron mene ne ake yi a layinsa. Da aka gaya masa ya zo da kansa ya zauna, ya ji na kwana biyu, sannan ya ce mai littafin bai san kiwo ba, shanu ɗari tara ba sa rayuwa shekara sittin a kan ciyawar da ake shukawa a faranti, amma mahaucin ya san aikinsa, domin ya ga yadda ya kama ƙahon. Daga ranar ba ya fashi. Honorine ma ta fara zuwa da wasu ɗalibai biyu, suna tsayawa a baya da littafin rubutu, suna toshe hanci har suka saba. Sunan Sali bai bar layin ba. Hayatu ya sayo jan fenti ya rubuta shi da manyan baƙaƙe a goshin rumfarsa.

Pascaline ce ta riƙa ɗaukar karatun a waya tana tura wa 'yan uwanta, daga nan ya kai Dugoi. Wata ranar Talata, ana cikin littafi na tara, wayar Hayatu ta yi ƙara. Larissa ce, ta ce Baba ke son magana. Tsohon ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya ce yana jin karatun duk yamma, kuma kada Hayatu ya ɗauka ya tuba ne, an ma fara shirin fim na biyu kuma ya sa hannu. Abin da ya sa ya kira shi ne, a littafi na bakwai, inda kyaftin ya kira Sali, Hayatu ya ce "ya roƙe shi," alhali shi "ya umarce shi" ya rubuta.

Hayatu ya ce wa jama'a su dakata, ya buɗe akwati ya ciro na bakwai, ya nemo shafin. Ya daɗe yana kallonsa.

"Baba, a rubuce umarni ne. Amma ka zana kyaftin ya cire hula ya riƙe a hannu. Mai umarni ba ya cire hula."

Eugène ya ce shi ya zana, ya fi kowa sanin abin da ya nufa. Hayatu ya ce to da sai ya bar masa hular a kansa. Can ta wayar aka ji tsohon yana kiran Larissa ta ɗauko masa na bakwai ta duba, ita kuma tana ce masa na bakwai yana cikin ukun da ba su da su. Sarkin fawa ya buga sandarsa a ƙasa ya ce a kashe wayar nan a ci gaba, la'asar ta kusa. Hayatu ya ce wa tsohon ya kira gobe da rana in yana da sauran gyara, ya ajiye wayar a kan tebur, ya koma shafin da suka tsaya.